Kuza, Gawayi Da Wutar Lantarki: Neman Dillali Mai Araha Da Zai Mai Da Hayaƙi Kayan Amfani

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan ƙungiya, malamin kimiyyar haɗa sinadarai, ya gabatar a taronmu na shekara a Samaru Kataf. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, sai ɗan gyara kaɗan.



Da sakatare ya aiko mini cewa ana so in yi wa jama'a bayanin aikin da nake yi, sai da na yi kwana biyu ina tunanin ta inda zan ɓullo wa zancen. Ko mahaifiyata, in an tambaye ta sana'ata, cewa take yi ina dafa ƙarfe a makaranta. To, ba ta yi nisa da gaskiya ba. Abin da zan yi magana a kai shi ne ƙoƙarin da masana ke yi a ƙasashe da dama na samo wani irin sinadari mai araha, wanda in an haɗa shi da wutar lantarki zai karɓi iskar nan da ke fita daga wuta da injuna ya mai da ita abin sayarwa. Ina roƙon dattawa su yi mini haƙuri, akwai sunaye biyar ko shida da ba na Hausa ba, amma kowanne zan faɗi abin da yake nufi.

Bari mu fara da ita iskar. Sunanta kabon dayokzaid, a takarda ana rubuta ta CO2, ni kuwa zan riƙa ce mata iskar kabon don sauƙi. Ba baƙuwa ba ce. Ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi, ita ce ke tashi in an buɗe lemon kwalba, ita ce ke kumbura ƙullin burodi da na fanke. Duk abin da aka ƙona, itace ne, gawayi ne, fetur ne, ita yake bari. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar duniya, kashi 280 ne nata. Cikin 2013 ma'aunin da ke kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai ya nuna ta taɓa 400, cikin 2024 kuma ta haura 420. Mai da gas da kwal da duniya ta ƙona cikin 2023, haɗe da aikin siminti, sun saki kimanin tan biliyan 37. Tana tare zafin rana kamar bargo, shi ya sa ake ta maganar canjin yanayi. Nijeriya ma ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa kafin 2060 za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take kawarwa. Ba zan tsaya a nan ba, kun sha ji a rediyo.

Abin da ba a cika faɗa a rediyo ba shi ne, wannan iska kayan aiki ce. Manoman da ke nan kun san takin yuriya. To, da iskar kabon da amoniya ake haɗa shi, ba da wani abu ba. Ledar da ake ƙulla mana kaya, robar bokiti, fetur, kananzir, duk ginshiƙinsu kabon ne, kuma kabon ɗin nan yana cikin hayaƙin da muke zubarwa. Matsalar ita ce iskar kabon kamar toka take: abu ne da ya riga ya ƙone, ya huce, ba ya son ya sake zama komai. Wanda ke son ya tashe ta dole ya biya da ƙarfi, kuma ƙarfin da ya fi sauƙin sarrafawa shi ne lantarki.

Akwai masu cajin batir a cikinmu, na ga biyu a baya can. Ku ne shaiduna. In batirin mota ya cika aka bar shi a kan caji, sai ka ga ruwan ciki yana tafasa ba tare da wuta ba. Ba tafasa ba ce ta gaskiya. Lantarki ne ke raba ruwa gida biyu, iskar haidirojin ta fita ta jikin faranti ɗaya, oksijin ta fita ta ɗayan, shi ya sa ake hana kunna ashana kusa da wurin. Aikinmu ɗan'uwan wannan ne. Faranti biyu ne a cikin ruwan gishiri na musamman, da wata 'yar fata siririya a tsakaninsu. Sai a turo iskar kabon ta jikin faranti ɗaya, a kunna wuta, ƙwayoyin lantarki su shiga jikinta su kwance ɗaurin da ke tsakanin kabon da oksijin, a sake ɗaura su ta wata siga.

A lissafin takarda, bolt ɗaya da ɗigo uku ya isa a fara wannan aiki, watau bai kai ƙarfin batirin tocila guda ba. A aikace kuwa sai an ba da wajen bolt 3, batir biyu ke nan. Rarar nan asara ce, zafi take zama. Ga kuma wata matsalar: ruwan da ke wurin ya fi iskar kabon saurin karɓar lantarki. In ba a yi dabara ba, sai ka kashe kuɗin wuta ka tashi da haidirojin kawai, iskar kabon ta wuce abinta kamar yadda ta shigo.

A nan ne ake bukatar abin da masana ke kira katalis. Ni dillali nake ce masa, don aikinsu ɗaya. Dillali a kasuwar shanu ba shi da saniya, ba shi ne mai saye ba, amma in babu shi sai a wuni ba a yi ciniki ba. Yana haɗa mai kaya da mai kuɗi, a gama, ya juya ya kama wani cinikin, shi bai ragu da komai ba. Katalis shi ne abin da ake shafawa a fuskar farantin, iskar kabon ta sauka a kansa, ya riƙe ta har lantarki ya yi aikinsa, sa'an nan ya sake ta. Wani Bafaranshe, Paul Sabatier, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 1912, shi ya bar mana ƙa'idar: kada riƙon ya yi tsanani, kada kuma ya yi sako-sako. Dillalin da ya ƙanƙame igiya ya ƙi saki ya tsai da kasuwa, wanda kuma bai iya tsai da mai saye ba, ba shi da la'ada.

Cikin 1985 wani malami a Jami'ar Chiba ta ƙasar Japan, Yoshio Hori, ya ɗauki ƙarafa ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, kuma abin da ya samu a wannan shekara da waɗanda suka biyo baya har yau a kansa ake gini. Zinariya da azurfa da tutiya suna ba da kabon monokzaid. Wannan ita ce gubar hayaƙin janareta da ke kashe mutane a ɗaki in an rufe ƙofa, amma a masana'anta abu ne mai daraja, don in an haɗa ta da haidirojin ana yin man jirgi da na mota da ita, irin aikin da ake yi a Escravos ta Jihar Delta. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinam ba su kula iskar kabon ba, haidirojin kawai suka bayar. Jan ƙarfe shi kaɗai ya fita daban: yana iya ɗaura kabon da kabon, ya ba da etilin, uwar leda, da itanol, sinadarin da asibiti ke goge fata da shi kafin allura. Ƙarfen kuza da dalma kuwa suna ba da wani ruwan asid mai suna fomik.

Ku riƙe wannan na ƙarshen. Sunan fomik daga kalmar tururuwa ya fito a harshen Latin, don daga jikin tururuwa aka fara tatso shi a Ingila cikin 1671. Majema na zamani suna aiki da shi wajen jiƙa fata da kama rini, masu kiwo a Turai suna zuba shi a ciyawar da suke adanawa don kada ta ruɓe, masu roba suna daskarar da ƙaro da shi. Masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano suna cikin masu bukatarsa.

Kuza kuwa, wa zai gaya wa mutumin wannan yanki labarinta? Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai a ƙasar Kano suna narka ta, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka. Da aka buɗe ma'adinan Jos, jirgin ƙasa ya haɗa Kafanchan da Jos cikin 1927, ya riƙa kawo kwal daga Inugu yana kwasar kuza zuwa Fatakwal. Da yawa daga cikinmu kakanninmu wannan hanya ce ta kawo su, wasu leburori, wasu 'yan koli, wasu masu sayar da abinci a bariki. Gumakan Nok ma da duniya ke zuwa kallo, a ramin kuza aka fara tono su cikin 1928. Abin da ya kan ba ni mamaki shi ne, shekarar da Hori ya buga bincikensa, 1985, ita ce shekarar da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan, cikin watan Oktoba, ma'adinai suka yi ta rufewa. Muna nan muna juyayin kuza ta mutu, wani a Japan yana gano mata sabon aiki.

Yanzu ga maganar araha. Cikin watan Maris na 2025 kilo ɗaya na zinariya ya kai wajen dala 96,000, na azurfa dala dubu da 'yan kai, na kuza dala 30 da ɗoriya, na jan ƙarfe bai wuce dala 10 ba. A faranti na biyu, inda oksijin ke fita, na'urori da yawa suna amfani da wani ƙarfe mai suna iridiyam, wanda duk duniya ba a haƙo tan 10 nasa a shekara, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu. Ko da kuɗin, babu isasshen da za a gina masana'antu dubu da shi. Don haka neman madadi ba rowa ba ce, dole ce. A ruwan da ba na asid ba, haɗin nikel da baƙin ƙarfe yana yin aikin iridiyam, kuma wannan babban sauƙi ne.

Akwai hanyoyi da dama da ake bi, amma wadda ta fi burge ni ita ce ta gawayi. Na ce muku farantin nikel haidirojin kawai yake bayarwa, don yana ƙanƙame monokzaid ya ƙi saki. To, sai masana a Jamus da Amurka da Sin, daga wajen 2015 zuwa 2019, suka gano cewa in aka warwatsa nikel ɗin ƙwayar zarra ɗaya-ɗaya a cikin gawayi, kowace ƙwaya naitirojin ya kewaye ta ya riƙe, sai halinsa ya juye. Riƙonsa ya sassauta, fiye da kashi 90 cikin 100 na lantarkin ya tafi wajen yin monokzaid, watau ya kama ƙafar zinariya da azurfa. Cikin 2019 wasu a Lozan ta ƙasar Suwizalan suka nuna baƙin ƙarfe ma, wanda maƙeranmu ke bugawa kullum, yana yin haka in an warwatsa shi. Yadda ake haɗawa ba sihiri ba ne. Ana cuɗa gawayi mai laushi da gishirin nikel da wani abu mai naitirojin, yuriya ma tana yi, a gasa a murhun da iska ba ta shiga, zafi digiri 800 zuwa 1,000, sa'an nan a wanke da asid don a cire ƙarfen da ya dunƙule. Gawayin kuma an gwada yin sa da ɓuntun shinkafa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, abin da muke tarawa a bayan gida mu cinna wa wuta. Nikel ɗin ma, cikin 2016 wani kamfani na mutanen Ostareliya ya ba da sanarwar gano shi a wajen Dangoma, nan ƙaramar hukumar Jama'a.

Jan ƙarfe shi ne mai farin jini a wurin masu bincike, don shi ke ba da kaya masu tsada. Cikin 2016 a ɗakin bincike na Oak Ridge a Amurka an dasa ƙwayoyinsa a kan gawayi mai tsini-tsini, kashi 63 na lantarkin ya zama itanol. Cikin 2018 a Jami'ar Toronto ta Kanada an kai kashi 70 na etilin. Amma jan ƙarfe dillali ne mai kwaɗayi, ciniki goma yake kamawa lokaci guda. An ƙirga abubuwa 16 da yake fitarwa a gauraye, raba su kuwa wani kuɗin ne.

To jama'a, in na tsaya a nan zan zama kamar mai tallan magani a tasha. Bari mu yi lissafi, wanda ke da biro ya bi ni.

Shafin katalis a jikin faranti siriri ne ƙwarai, abin da ake sawa bai fi giram 10 a faranti mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya ba. In azurfa ce, dala 10 ke nan, a ce naira 15,000 a canjin 2025. Wannan faranti, in yana aiki da saurin da masana'anta ke bukata, yana shan yunit 6 na wuta a kowace awa, yunit irin wanda mita ke ƙirgawa. Cikin Afrilu na 2024 an sa wa 'yan rukunin A yunit ɗaya naira 225. Awa ɗaya naira 1,350. Kun ga kafin awa 12 kuɗin wuta ya wuce kuɗin azurfar gaba ɗaya. Daga nan har na'urar ta mutu, wuta ce ke cin kuɗi, ba ƙarfen ba.

Ma'anar wannan ita ce, arahar dillali ba a farashin kilo take ba. Dillalin da aka samu kyauta, amma yana bukatar ƙarin rabin bolt, ko yana zubar da kashi 30 na wuta wajen yin abin da ba a so, ya fi azurfa tsada nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a wannan fanni kuwa araha takan ci uwar kuɗi. Ina faɗin haka ne don na sha karanta takardun ɗalibai da ke murnar sun yi katalis da ɓawon gyaɗa, ba su auna wutar da ya sha ba.

Sai maganar daɗewa, wadda ita ce ta fi ba mu ciwon kai. Na'urar Toronto da na ambata awa 150 ta yi, kwana shida da 'yan awoyi, kuma a lokacin abin yabo ne. Shekara guda awa 8,760 ce, mai masana'anta kuwa yana son abin da zai yi shekaru bai taɓa shi ba. Abubuwa uku ke kashe waɗannan na'urori. Ƙwayoyin ƙarfen da aka wahala aka warwatsa sukan sake dunƙulewa. Ruwa yakan cika 'yan ƙofofin da iska ke bi. Na ukun kuma, iskar kabon tana haɗuwa da ruwan gishirin ta zama wani farin gishiri dangin kanwa, ya toshe hanya kamar yadda bututun ruwan rijiya ke toshewa, kuma iskar da ta zama kanwa an yi asararta. Kamfanonin Siemens da Evonik na Jamus sun ba da rahoton awa 1,200 da azurfa cikin 2018. Cikin 2025 masu bincike a Jami'ar Rice ta Amurka suka bi da iskar ta cikin ruwan asid kafin ta shiga na'ura, don kada kanwar ta taru, suka wuce awa 4,500.

Masu cajin batir, ga naku. Cikin 2024 wata jami'a a birnin Wuhan na ƙasar Sin ta buga sakamakon katalis da ta yi da dalmar tsofaffin baturan mota. Ya ba da asid ɗin fomik da fiye da kashi 93 na lantarkin, ya kuma yi awa 5,200 yana aiki, wata bakwai ke nan. Sai dai sun riƙa ba faranti na biyu haidirojin don a rage bolt, shi ma da kuɗinsa. Kuma ina roƙonku, kada wani ya koma gida ya fasa batir. Dalma guba ce. Cikin 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son kuza, tana yin aiki iri ɗaya ba tare da wannan haɗari ba.

Ni kaina na ɗanɗana. Akwai lokacin da na shirya gwajin awa 100 da faranti mai shafin kuza, na kwana biyu a ɗakin bincike a kan benci. Ana cikin awa ta talatin da wani abu aka ɗauke wuta, janareta kuma babu mai. Da wuta ta dawo farantin ya riga ya canza, sai daga farko. Sau uku ina yi. Abokin aikina ya ce mini, malam, kai da ke son ka gyara iskar duniya, fara gyara soket ɗinka. Na yi dariya, amma maganarsa ita ce gaskiyar lamarin.

Don kuwa wutar ma sai an duba daga ina ta fito. Mafi yawan lantarkin Nijeriya da gas ake yin sa. Kilo ɗaya na asid ɗin fomik yana bukatar aƙalla yunit 3 da rabi a bolt 3, yana kuma shanye iskar kabon kusan kilo ɗaya. Amma tashar gas da ta ba da wannan wuta ta saki fiye da kilo ɗaya da rabi. An yi ba a yi ba ke nan, har gara jiya da yau. In da janareta ne abin ya fi muni. Aikin ba ya da ma'ana sai da wutar rana ko ta ruwa, irin ta Shiroro da Zungeru, ko irin wadda kamfanin NESCO ya fara jawowa daga Kurra tun wajen 1930 don ma'adinan kuza. Rana kam muna da ita. A Abu Dabi cikin 2020 an yi cinikin wutar rana a ƙasa da santi 2 na dala kowane yunit, alhali naira 225 ɗin nan ta haura santi 15 a lokacinta. A irin wancan farashi ne lissafin ke fara fita.

Wani zai tambaya, to yaushe za mu sami fetur daga iska? Ga amsa. Litar itanol ɗaya, ko da dillalin bai zubar da komai ba, tana cin yunit 16 da rabi. A naira 225, kuɗin wuta kaɗai ya haura naira 3,700, a shekarar da litar fetur ta kai dubu da 'yan kai mutane suna kuka. In an ƙona litar kuma, ƙarfin yunit 6 kawai take mayarwa. Saboda haka duk wanda ya zo muku da wata na'ura a bayan mota ya ce tana mai da iska fetur, ku sa hannun jari, ku riƙe aljihunku. Kilo ɗaya na fomik kuwa wutarsa ba ta kai naira 800 ba ko a wancan farashi mai tsada. Dalili shi ne ƙwayar lantarki 2 kacal ake bukata a yi fomik ko monokzaid, itanol da etilin kuwa 12. Shi ya sa a ganina, in ƙasar nan za ta shiga wannan fage, ta ƙofar kuza da fomik ya kamata ta shiga, ba ta ƙofar man mota ba. Kasuwarsa ƙarama ce, ba za ta gyara yanayin duniya ba, kada mu ruɗi kanmu. Amma kaya ne da ake shigo mana da shi da kuɗin waje, kuma masu sayensa suna nan Kano.

Ba daga sifiri za a fara ba. A sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello an yi shekaru ana aikin haɗa ziyolait, katalis ɗin da matatar mai ke fasa ɗanyen mai da shi, daga farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Wannan ba na lantarki ba ne, amma hannun da ya iya wancan zai iya wannan: niƙa, gasawa, wankewa, aunawa. A Basawa ta Zariya akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, a Samarun Zariya kuma akwai cibiyar fasahar fata, watau mai yi da mai bukata suna gari ɗaya. Iskar kabon mai kauri, wadda ba sai an sha wahalar tace ta daga sararin sama ba, tana fita daga masana'antun siminti irin na Sakkwato da Obajana, don kowane tan na farin dutse da aka gasa yana sakin kilo 440. A nan gida muna da makarantar aikin gona ta Kwalejin Nuhu Bamalli a Samaru, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, da kwalejin horon malamai a Gidan Waya. Gawayin ɓuntu da totuwa aiki ne da ɗalibin aikin gona zai iya koyon yi da kyau, mai tsabta, iri ɗaya kowane lokaci, kuma ko ba a kai ga katalis ba ana sayensa don tace ruwa.

Abin da ke damuna shi ne kada a maimaita labarin kakanninmu. Sun haƙa kuza da hannunsu, an auna musu da kwano an biya su sule, aka kai ta Ingila aka yi gwangwani aka dawo mana da shi da kifi a ciki. Yau ma samarinmu da na maƙwabtanmu Atyap da Bajju da Ham suna shiga ramuka, rami yana ruftawa da wasu, buhun yana tafiya ɗanye. Giram 10 da aka sarrafa aka shafa a faranti ya fi buhun daraja, kuma bambancin ilmi ne kawai, irin wanda ake fara koya a aji huɗu na sakandare.

Don haka ina da roƙo guda biyu ga shugabannin ƙungiya. Na farko, a cikin tallafin karatu da muke bayarwa duk shekara, a ware gurbi biyu, namiji da mace, ga masu karanta kimiyyar sinadarai ko injiniyanta, don na lura duk 'ya'yanmu likita da lauya suke so. Na biyu, makarantar sakandaren da yawancin yaranmu ke zuwa a sama mata faifan sola guda biyu da batir da 'yan kwalabe da ma'aunin lantarki. Da fensir biyu da aka fere kai da gindi, da ruwan kanwa, da batir, yaro zai raba ruwa da hannunsa ya ga kumfa tana tashi a bakin fensir, ɗaya gefen ninki biyu na ɗayan. Na yi alkawarin zuwa hutun ƙarshen zango in yi mako guda da malaman kimiyya, ba sai an biya ni ba, a dai ba ni masauki da tuwo. Na kawo jerin kayan da farashinsu na kasuwar Kaduna, yana hannun ma'aji.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, amma a fara da masu cajin batir.